Jujin da Na Riga Su Tonawa

Sai a shekarata ta biyu a Dubai na san akwai mutanen da ke bin tsohon juji suna tono don neman kwalba. Da a gida wani ya ba ni wannan labari, da na ce a duba lafiyarsa. Ni safiyo ne, aikina auna fili da kafa turaku kafin magina su shigo. Kamfanin da nake wa aiki yana da yadi a Al Quoz inda ake ajiye katafiloli da manyan motoci, a can na haɗu da mutumin da ya sa ni a wannan hanya.

Direban katafila ne, mutumin Billiri, Kirista, ya girme ni da shekara goma sha biyar ko fiye. Ranar da ya fara jin ina waya da Hausa, sai ya sauko daga injinsa yana dariya, ya tsaya har na gama.

Ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

Na ce, "Funtuwa."

Ya ce, "To daga yau ka samu yaya a garin nan."

Tun daga ranar Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Safiyo.

Mutum ne mai sanyin hali, ba ya gaggawa ko a cin abinci. Abin da ya fara ɗaure mini kai da shi, in yana haƙa harsashin gini a tsohuwar unguwa, da zarar bokitin katafila ya fito da baƙar ƙasa sai ya kashe injin ya sauko. Foman yana can yana ihun yalla, yalla, wato a yi sauri, shi kuwa ya tsuguna yana tona ƙasar da hannu. Wani lokacin ya tashi ba komai, wani lokacin ya sa wani abu a aljihun rigar aiki ya koma kujerarsa. Ba a taɓa korarsa a kan haka ba, don kowa ya san babu mai hannunsa a kan injin nan. Yana iya yanka rami dab da bututun ruwa bai taɓa shi ba.

Wata Lahadi matata ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na kai masa masaukin ma'aikata. Su huɗu ne a ɗakin, gado bisa gado. Da ya gama cin abinci ya wanke hannu, sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin gado ya fara warware tsoffin singileti da jarida. Kwalabe ne. Akwai ƙanana masu ruwan zuma na magani, akwai doguwa siririya ta ruwan wardi, akwai wata shuɗiya mai gefe shida, da 'yan mitsi-mitsi na turare waɗanda ba su kai tsawon yatsa ba. Wasu gishirin ƙasa ya ci jikinsu har suna walƙiya launi-launi kamar wuyan tantabara.

Na ce, "Yaya, me za ka yi da waɗannan? Sayarwa kake yi?"

Ya girgiza kai. Ya ce uwarsa man gyaɗa take sayarwa a kasuwar ƙauyensu, kuma a gidansu kwalba dukiya ce. In yaro ya fasa ɗaya, ranar sai ya kwana da kuka. Ya ce da ya zo ƙasar nan ya ga bokitinsa yana fito da kwalabe lafiyayyu daga ƙasa, waɗanda wasu mutane suka yar tun ba a haife shi ba, sai ya kasa wuce su.

Ya ce, "Ka ga gine-ginen nan duk sabbi ne, ba ka gane an taɓa yin mutane a nan. Amma jujinsu yana nan. Da ka tona za ka ga me suka ci, wane ciwo ya dame su, wane turare matar gidan take so."

Dariya na yi masa a ranar. Bayan sati uku ina tsugune kusa da shi a wani kango a bayan Al Sabkha, hannuna dumu-dumu da toka, saboda na ga bakin wata koriyar kwalba ya leƙo daga ƙasa.

Shi ya koya mini komai. Ya ce mutanen da, kafin motar shara ta fara zagaye, rami suke yi a bayan gida, can nesa da ƙofa, sau da yawa kusa da itace. Yana da wani rodi da mai walda ya yi masa mariƙi. Yakan soka shi a ƙasa a hankali, ya kasa kunne. Rairayi zalla shiru yake yi. In akwai juji, za ka ji ƙaras-ƙaras, kuma in ka zaro rodin za ka ga toka ko tsatsa a bakinsa. Daga nan shebur ne don kwashe saman kawai. Da an kai baƙar ƙasa, inda ƙayar kifi da ɓawon kawa da ruɓaɓɓun gwangwanaye suke, sai a ajiye shebur a ɗauki cokalin magina da buroshi. Diga kuwa ko a mota ba ya yarda a sa ta. Kuma ba ya tona fili sai ya tambayi mai shi ko maigadi. Kalmar da ya fi faɗa mini ita ce shuwayya-shuwayya, wato sannu a hankali. Ni kuwa tun ina yaro an san ni da garaje.

Abin ya shiga raina fiye da yadda ya shiga nasa, ko in ce ya shiga ta wata ƙofa dabam. Shi in ya samu kwalba ɗaya, sai ya zauna ya yi ta juya ta, ya gama ranarsa. Ni in na samu ɗaya, tunanina yana kan wadda ke ƙarƙashinta. Matata ta gaji da ganin bokitin ruwa cike da kwalabe a bayi, amma tana son Yaya, saboda haka ta ƙyale ni.

A wannan lokacin aka tura Yaya aiki unguwar Abu Hail na wasu watanni. Kusa da wurin akwai shagon shayi a jikin masallaci, inda wani tsoho ɗan ƙasa yake zama bayan la'asar. Iyalinsa sun daɗe da tashi daga unguwar, amma shi kullum sai ɗansa ya kawo shi, don a nan ya girma. Kowa Hajji yake ce masa. Yaya ba Musulmi ba ne, Larabcinsa ma na wurin aiki ne, rabi da baki rabi da hannu, amma in ya tashi aiki sai ya sayi shayi ya zauna gefen tsohon. Wata da watanni yana haka bai tambaye shi komai ba. Sai wata rana ya fito da 'yar kwalbar turare ya nuna masa. Yaya ya ce tsohon ya riƙe ta yana juya ta, sannan bakinsa ya buɗe da labari.

Ranar da Yaya ya kai ni na gaishe shi, Hajji da kansa ya ja mu da sandarsa zuwa wani fili da ke bayan layin shagunan gyaran firiji. An rushe gidan tuntuni, ba abin da ya rage sai kurna guda a kusurwa. Ya ce nan ne gidan mahaifinsa. Ya nuna inda ɗakin girki yake, da inda ake shanya kifi. Sannan ya tsaya taku biyar daga gindin kurnar, ya buga sandarsa a ƙasa.

Ya ce suna yara akwai wani lemo mai gas da suke kira namlet. Kwalbarsa ba ta da murfi, wani ƙwallon gilashi ne a wuyanta yake toshe ta, sai ka danna shi ciki kafin ka sha. Yara ba lemon ne ya dame su ba, ƙwallon suke so, saboda haka fasa kwalaben suke yi. Ya ce shi ya ɓoye wasu yana fasawa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da gilashi ya tsarge masa tafin ƙafa. Ya zare takalminsa ya nuna mana tabon, fari, dogo. Ya ce a ranar mahaifiyarsa ta kwashe sauran ukun da suka rage ta jefa a ramin shara, ta juye toka mai zafi a kai don kada ya sa hannu.

Ya ce, "Suna nan ƙasa. Shekara sittin ko fiye ban riƙe irinta ba."

Ya gaya mana 'ya'yansa sun gama magana da masu gini, nan da wasu watanni za a tayar da bene a wurin. Ya ce mu tona, ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya: da shi za a yi. Zai kawo kujera ya zauna ya gani da idonsa. Yaya ya dafa ƙirji ya ce, "Khalas, magana ta ƙare, Hajji, da kai za a yi." Aka sa Lahadi mai zuwa, bayan Yaya ya dawo daga coci.

Ranar Alhamis aka bugo wa Yaya waya daga gida cewa ƙanen mahaifinsa, wanda ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya rasu. Kamfani ya ba shi hutun sati uku. Ni na kai shi filin jirgi. Yana sauke jakarsa daga but ɗin mota ya juyo ya ce, "Safiyo, na gaya wa Hajji sai na dawo. Ka jira ni."

Na ce, "Haba Yaya, har sai ka faɗa?"

Sati na farko ban je wurin ba. Sati na biyu aiki ya bi da ni ta Abu Hail, na ce bari in leƙa. Sai na tarar an kafa turaku a kusurwoyin filin, an ɗaura musu jan ƙyalle. Nan take na gaya wa kaina cewa magina sun zo, in aka jira Yaya komai zai tafi ƙarƙashin kankare. Wannan ita ce hujjar da na riƙe, kuma na daɗe ina maimaita ta. Amma aikina ne kafa irin waɗannan turaku. Na fi kowa sanin cewa daga kafa turke zuwa shigowar katafila akan yi wata biyu, wani lokacin fiye, ana jiran takardu. Na kuma san inda Hajji yake zama, tafiyar minti uku ce daga inda nake tsaye. Ina da lambar Yaya. Ban je ba, ban kira ba. Gaskiyar ita ce ina son in zama wanda ya fara sa hannu a ramin nan, kuma ban taɓa ganin kwalba mai ƙwallo a wuya ba sai a bakin tsohon.

Ranar Lahadi bayan sallar asuba na ɗauki shebur, na ari diga a wurin maigadin gidanmu. Na ce wa matata ana nemana a wurin aiki. Lokacin sanyi ne, unguwar shiru, masu shaguna ba su buɗe ba. Na auna taku biyar daga kurnar na fara.

Saman ya yi tauri, saboda motoci sun daɗe suna fakin a wurin. Ina tsoron kada wani ya zo ya tambaye ni, ko Hajji da kansa ya ɓullo, saboda haka na yi ta sara da diga ba ji ba gani. Da na kai baƙar ƙasa na san ya kamata in ajiye ta. Na ce saura sara ɗaya. A saran nan na ji ƙarar da duk mai wannan harka ya sani, tas, kamar an taka ƙwai. Na durƙusa na share ƙasar. Kwalba ce mai kauri, koriya-koriya, na raba ta biyu daga kafaɗa. Ƙwallon yana nan a wuyanta, yana motsi.

Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni kuwa sai na sa shebur ina ɓanɓarar gefen ramin da sauri don in ga ko sauran suna kusa. Ta biyun tana manne da ta farkon, bakin shebur ya fasa gindinta. Ta ukun kaɗai na ciro da yatsuna, lafiya lau, ko tsaga babu. Na girgiza ta, ƙwallon ya yi ƙara a ciki.

Na kwashi wasu kwalaben magani da na turare kamar goma, ban ma tsaya dubawa ba. Abin da na fasa na mayar cikin ramin, na tura ƙasa, na tattake, na watsa busasshen rairayi a kai. Kafin ƙarfe takwas ina cikin mota. Ina tuna cewa ko daɗi ban ji ba.

A gida na ce wa matata a wurin aiki na tsince su. Ta ɗaga mai ƙwallon tana kallo a hasken taga, ta ce, "Kai, wannan Yaya zai yi murna in ya gani." Na karɓe na naɗe ta a tawul, na tura can bayan akwati a saman durowa.

Yaya ya dawo ya rame, ya kawo mana dakakken yaji da daddawa. Na yi masa gaisuwa, muka yi hirar gida. Sau biyu maganar tana zuwa bakina ina haɗiye ta. Na yi ta gaya wa kaina cewa wataƙila akwai sauran abubuwa a ramin, wataƙila ba zai gane ba.

Lahadin da ta biyo muka je. Ɗan Hajji ya kawo shi da mota, ya buɗe masa kujerar naɗewa a inuwar kurna, ya ajiye fulas ɗin gahawa da dabino, ya ce zai dawo nan da awa biyu. Tsohon ya sa farar riga sabuwa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya zuba mana gahawa da hannunsa, yana ta zolayar Yaya wai yau za a ga ko gwanin ne da gaske.

Yaya ya ɗauki rodinsa ya soka. Rodin ya shige har mariƙi kamar a cikin gari. Ya zaro, ya matsa taku ɗaya ya sake sokawa, nan ƙasa ta ƙi. Ya koma wurin farko. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, kallo ne kawai na ɗan lokaci, sannan ya miƙa hannu na ba shi shebur.

Duk da haka ya tona, kuma ya tona yadda ya saba, a hankali, da cokali da buroshi, kamar bai san komai ba. Toka da rairayi sun cakuɗe, ƙayar kifi tana sama inda bai kamata ba. Ina tsaye ina kwashe ƙasa, gumi yana zuba mini duk da sanyin da ake yi. Can ya ciro wuyan kwalbar farko da ƙwallon a ciki, ya goge da rigarsa ya miƙa wa Hajji da hannu biyu.

Tsohon ya karɓa ya girgiza kusa da kunnensa. Ya yi dariya, har ya kira sunan Allah. Sannan ya ce, "Sauran fa? Uku ne." Yaya ya ciro gutsattsarin ta biyun ya jera a kan buhu. Ya ƙara faɗaɗa ramin ta kowane gefe, ya yi kusan awa yana neman abin da ni na san yana saman durowata.

Hajji ya shafa bakin karayar da babban yatsa. Idonsa ba shi da ƙarfi, amma ya ga ƙasar a birkice take. Ya ce, "Wani ya riga mu. Leburorin nan da suka kafa turaku ne, tabbas. Suna zaton zinariya aka binne." Ya juyo wurina, don ni na fi jin Larabci, ya ce, "Ko ba haka ba, ɗana?"

Na ce, "Wataƙila, Hajji."

Kalma biyu ke nan, kuma su suka fi damuna har yau. Na ɗora wa bayin Allah da ban taɓa gani ba laifin da na yi, a gaban Yaya, wanda ya san ƙarya nake.

Tsohon ya ce ba komai, abin da Allah ya rubuta ke nan. Ya naɗe wuyan kwalbar a hankicinsa ya sa a aljihu. Da ɗansa ya zo, ya yi mana godiya sosai, ya ce mu tafi da sauran dabinon. Yaya ya mayar da ƙasa ya daidaita wurin tsaf.

A mota ni ke tuƙi. Mun bar unguwar, mun haye gada. Sai da muka kusa Al Quoz Yaya ya yi magana, yana kallon gaba.

Ya ce, "Gilashin da ya daɗe da fashewa a ƙasa, bakinsa dushi-dushi yake. Sabuwar karaya ƙyalli take yi. Kuma lebura ba ya mayar da ƙasa ya watsa rairayi a kai."

Na ƙura wa titi ido.

Ya ce, "Da diga ka yi?"

Na ce, "E."

"Ta ukun fa?"

"Tana gida. Lafiyarta ƙalau."

Ya yi ajiyar zuciya. Na fara kawo maganar turaku, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce, "Safiyo, kai ne za ka gaya mini turaku? Bari. Ni ban damu da kwalba ba, ina da su cike da kwali. Amma na dafa ƙirji na yi wa dattijon nan alkawari. Kuma yau yana zaune a gabanka, da ka ce masa tana wurina, da da kaina zan tuƙa motar mu ɗauko."

Washegari bayan aiki na kai wa Yaya kwalbar a cikin tawul. Bai ko warware ba. Ya ce, "Ba tawa ba ce. Ka san mai ita, ka san inda yake zama."

Nan ma na sake yin wani kuskuren. Kunya ta hana ni zuwa. Kullum sai in ce gobe, in tsara yadda zan faɗa, in ga bai yi ba. Na yi tunanin in ce a wani wuri na samo, na ga wata ƙaryar ce. Matata da ta ji labarin duka, don daga baya na gaya mata, ta ce, "Ka je kawai. Tsoho ne, ba zai cinye ka ba. In ka ƙi, ni ka kai ni in miƙa masa." Kwalbar ta yi kusan wata biyu a cikin motata.

Ranar da na je, kujerarsa a shagon shayi ba kowa. Mai shayin ya ce ai Hajji ya kwana biyu bai zo ba, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi, yana gidan ɗansa. Ya kwatanta mini unguwar. Na je na buga ƙofa, ɗan ya fito, da ƙyar ya tuna ni. Ya ce mahaifinsa ba ya magana sosai, kuma likita ya hana baƙi. Na miƙa masa tawul ɗin, na ce wannan ta mahaifinka ce, daga filin nan ta fito, ni na tona kafin ranar, ni na fasa sauran, ka gaya masa ba leburori ba ne. Ya dube ni kamar bai gane abin da ya sa nake ba shi wannan dogon bayani a kan tsohuwar kwalba ba. Ya ce na gode, inshallah zai nuna masa. Ya rufe ƙofa cikin ladabi. Ban san ko ya nuna masa ba, ban san ko ya isar da saƙon ba, ban kuma san ko tsohon yana cikin halin da zai gane ba.

Na gaya wa Yaya na kai. Ya ce, "To, madalla."

Bai yi gaba da ni ba. Muna gaisawa a yadi, in matata ta yi tuwo ina kai masa, yana ci yana sa albarka. Da aka haifa mana 'ya ya zo suna da turmin atamfa. Amma bai sake ce mini ga wani kango can mu je mu duba ba. Na ji daga bakin wani ɗan ɗakinsu cewa yana fita wasu Lahadin da rodinsa shi kaɗai. Sau ɗaya na ce, "Yaya, yaushe za mu fita?" Ya ce, "Zafi ya shigo, Safiyo, bari a ga sanyi." Sanyi ya zo ya wuce.

A shekarar da ta biyo gwiwarsa ta fara damunsa, hawa katafila ya zame masa wahala, sai ya ce ba zai sabunta biza ba. Ya haɗa kayansa ya kai wa masu jigilar kaya zuwa gida a Al Sabkha. Kwalaben ya naɗe su ɗaya bayan ɗaya da kayan sawarsa, ya ce jikokinsa za su gani. Ni na sake kai shi filin jirgi. A hanya na ce masa, "Yaya, maganar nan ta Abu Hail, ka yafe mini." Ya ce, "Ai ya wuce tuntuni. Allah ya yafe mana duka." Na yarda da gaske yake, don ba mutum ne mai magana biyu ba. Sai dai yafiya dabam, komawa yadda ake a da dabam, kuma na ga alama shi ya riga ni sanin haka.

Yanzu yana Billiri yana noman masara da kiwon awaki. Muna waya lokaci-lokaci, da Kirsimeti ni nake kira, da Sallah shi yake kira. Yakan tambayi matata da yarinya, in tambayi damina da gwiwa. Hirar ba ta wuce minti biyar. A kiran da muka yi na ƙarshe na ji ana ta hayaniya a bayansa, ya ce taron coci ne za su shiga, zai neme ni in sun fito. Har yau bai kira ba. Ina jin mantawa ya yi.